"Rashin sani, kaza ta kwana kan dami": wa ya dace a yi wa wannan karin maganar?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Jiya da daddare muna wasan Scrabble, wato wasan haɗa kalmomin Turanci da haruffa a kan allo, da ƙanin mahaifina, harafin Z ya maƙale a hannuna tun tsakiyar wasa. Maki 10 gare shi, na yi ta jiran doguwar kalmar da zan sa shi a ciki har haruffa suka ƙare a jaka. Baffa ya riga ni gamawa, aka cire min 10 aka ƙara masa, ya cinye ni da tazarar maki 14. Kafin mu kwashe allon sai ya nuna min wani gida mai ninka harafi sau uku, da O a damansa, da A a ƙasansa. Da a nan na ajiye Z ɗin, da na samu ZO a kwance da ZA a tsaye, maki 62 da harafi ɗaya tak. Ya ce, "Rashin sani, kaza ta kwana kan dami." Na ce Baffa, mene ne ZO da Turanci? Ya ce shi dai ya san tana cikin ƙamus. Abin ya tsaya min a rai. Wanda ya san kalma bai san ma'anarta ba, shi ya fita daga cikin wannan karin maganar?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Baffanka ya yi amfani da ita a muhallinta. Ni a ƙauye na tashi, da kaka za ka ga dammunan gero jingine a bakin rumbu, zangarniya ɗaure tamau. Kaza ba ta gani da dare. In magariba ta riske ta sai ta haye duk abin da ta samu ta lafe, cikinta ba komai, alhali hatsi na ƙarƙashin ƙafarta. Shi ya sa wasu ke ƙarasawa da "da yunwa". Ana faɗinta ne ga wanda biyan buƙatarsa ke hannunsa amma ya sha wahala don bai gane ba. Z na hannunka, gida na gabanka. Maganar ta ƙare a nan.

Tsohon Malamin Turanci:
Hajiya, bayaninki daidai ne, amma ni ban yarda ta ƙare a nan ba. ZO dabba ce ta ƙasar Tibet, barbarar yanyawa tsakanin saniya da wani sa mai yawan gashi na kan duwatsu da ake kira yak. ZA kuma gajarta sunan abincin nan ne, pizza. Irin waɗannan gajerun kalmomi suna da yawa, kuma kowace da labarinta. QI daga Sinanci take, ƙarfin rai da suke cewa yana zagaya jiki. XU ƙaramin kuɗi ne na Biyetnam. AA dutse ne mai kaushi da aman wuta ke bari, kalmar mutanen Hawai ce. Na yi shekaru ina koyar da yara, kuma babu abin da ya fi ci min rai kamar ɗalibin da ya haddace bai fahimta ba. Wanda ya ɗauki kalmomin nan a ka don maki kawai, ya zauna a kan dami na tarihi da harsunan duniya, bai tsinci ko ƙwaya ɗaya ba. A wurina shi ma ya kwana da yunwa.

Mai Allo:
Malam, da girmanka, zan ja da kai. Karin magana tana bin buƙatar da ake ciki. Buƙatar kaza hatsi, buƙatar ɗan wasa maki. A 2015 Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan, ya ci gasar duniya ta Scrabble ta Faransanci, kuma ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya haddace cikin kimanin mako tara. A 2015 ɗin dai kuma Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci 4 da nema a wasan ƙarshe a birnin Perth na Ostareliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kofin duniya na Turanci. A gasa babu mai tambayarka ma'ana, tambaya ɗaya ce: tana cikin jerin Collins, wato jerin kalmomin da aka halatta a gasar duniya ta Turanci, ko ba ta ciki? Wanda ya haddace ya ci daga damin, ya ƙoshi. In laifinsa kake so ka faɗa, ce masa karatun aku, wannan ita ce tasa. Kada mu ɗora wa kaza kayan da ba nata ba.

Tsohon Malamin Turanci:
Na karɓi gyaran "karatun aku", ta fi zama daram. Sai dai ka ba wannan mahaddacin wasan cike gurbin kalmomi na jarida. Can ma'ana ake ba ka, kai za ka nemo kalmar. Nan take zai ga damin ya ƙi kuncewa.

Gimbiyar Gandu:
Ni wani abu ne ya ba ni sha'awa. ZO, KO, DA, MU, KA, BA, duk suna halatta a jerin Collins, kuma duk kalmomi ne da muke furtawa daga safe zuwa dare. Ma'anarsu dai ta can daban. KO sandar haƙa ce ta mutanen Mawori na Niyu Zilan, DA wuƙa ce ta ƙasar Bama (Myanmar), MU harafin Girkanci ne, KA da BA kuwa daga aƙidar Misirawan dā game da ruhi suka fito. Har ZOBO tana ciki. Na taɓa ƙalubalantar yayata da ta ajiye ta, na ce abin shanmu ne, Hausa ce, ba za ta shiga ba. Muka duba muka same ta, ashe wani suna ne na wannan dabbar ta Tibet. A nan abin da yayata ta faɗa min shi ne "ƙaramin sani ƙuƙumi ne", kuma ita ce ta dace da ni, don sanin da na yi wa kalmar a Hausa shi ya ɗaure ni. A lura kuma, ZO da KO da ZOBO ba sa cikin jerin da ake wasa da shi a Amurka. Ku daidaita kan ƙamus kafin a zuba haruffa.

Uwar Biyu:
To kun gani, uku ne kuka haɗa wuri ɗaya. Wanda bai sani ba sam, kaza. Wanda ya san kaɗan ya kafe a kai, ƙuƙumi. Shi kuma mai hadda ba fahimta, ku da Malam ku ƙarasa, ni har yanzu ban ga yunwa a tare da shi ba.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Mama, na gode Malam. Na rubuta su duka a bayan littafina, kowace da ma'anarta a gefe. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu sake zama da Baffa, zan gaya masa abin da ZO take nufi kafin mu fara. Malam, akwai wata mai harafi biyu da J a ciki? Shi ma yana yawan maƙale min.

Tsohon Malamin Turanci:
Akwai JO, masoyi ko masoyiya a bakin mutanen Sukotland. Akwai kuma JA, wato "eh". J maki 8 ne, ka nema masa gida mai ninki.