Boksi ta ce "ƙas" ta yi shiru: sitata ce ko waya?

Mai Boksi, Doka: Assalamu alaikum jama'a. Boksina tsohuwar Hilux ce mai injin 2L, mai shan jaz, wato dizal. Da safe murɗa ɗaya take tashi. Amma in na ɗauko riɗi daga Doka na iso kasuwar amfanin gona ta Gadarif a nan Sudan na kashe ta, in na dawo na murɗa makulli sai ta ce "ƙas" sau ɗaya, shi ke nan. Jiya sai da 'yan dako suka tura ni, ga kaya a baya, ga mutane suna kallo. Batir bai kai wata biyar ba. Wani bakanike ya ce sitata, wato abin da ke juya inji ya tashi, ta mutu, in sayi wata. Ku masana me kuka gani?

Usta na Gadarif: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka. Motar da ta yi "ƙas" ɗaya ta tsaya, kuma batir lafiya lau, sitata ce, ba sai an je wajen mai duba ba. Ka sa yaro ya riƙe makulli a murɗe, kai ka ɗan ƙwanƙwasa jikin sitatar da guduma. In ta tashi, magana ta ƙare.

Mai Lantarki, Kasala: Usta, da girmanka, ban yarda ba. "Ƙas" ɗin nan abu ɗaya kawai yake nunawa: otomatik ɗin da ke bisa sitata, wato na'urar da ke haɗa mata babbar wuta in an murɗa makulli, ya motsa. Bai nuna cewa wutar da ta iso masa ta ishe shi ba. Waya biyu ke zuwa wa otomatik. Akwai babba mai kauri daga batir kai tsaye, wadda ake ɗaurewa da noti, lambarta 30. Akwai 'yar siririya daga makulli, lambarta 50. Siririyar nan tafiyarta doguwa ce, daga batir ta shiga cikin mota, ta bi ta makulli, ta sake fitowa gefen inji. A motar da ta ba shekara talatin baya, kowace mahaɗa a hanyar nan tana sace 'yar wuta. Da safe ƙarfe na da sanyi, abin da ya saura ya isa. In inji ya ɗau zafi, jan ƙarfen da aka naɗe cikin otomatik yana ƙara turjiya, jansa ya ragu, sai ya taso amma ya kasa danna tagullar da ke haɗa babbar wuta. Sitata lafiyayya ce ake shirin zubarwa.

Usta na Gadarif: Ɗana, wannan karatun makaranta ne. Tun kafin a haife ka nake kwance sitatar Hilux.

Mai Lantarki, Kasala: Ba na musun shekarunka, Usta. Amma sitata nawa ka canja, mai mota ya dawo bayan sati biyu da "ƙas" ɗinsa? Sabuwa tana da ƙarfin ja, sai ta rufa wa ruɓaɓɓiyar waya asiri na ɗan lokaci, a ce ai gyara ya yi.

Baba Direba, Mai Wurno: Ku bar wahalar da yaron nan. Ni tawa shekara da shekaru da madanni take tashi. Waya ɗaya na jawo daga batir zuwa madanni a gefen sitiyari, daga nan zuwa sitata. Na murɗa makulli fitilun gaba su kama, na danna, ta tashi. Ko sau ɗaya ba ta kunyata ni ba.

Mai Lantarki, Kasala: Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma ka ga kai ma ka zama shaidata ba ka sani ba. Da sitatarka ce ta mutu, madanni ba zai tashe ta ba. Sai dai ina da tambaya: akwai fiyus a wayar nan?

Baba Direba, Mai Wurno: Fiyus na me? Waya ce mai kauri.

Mai Lantarki, Kasala: To nan ne nake jin tsoro. Waya mai wuta dare da rana ta ratsa ta ramin ƙarfe babu fiyus. Ranar da gargadar hanya ta goge robarta ta taɓa jikin mota, batir zai zuba mata duk abin da yake da shi, ta yi ja wur. Ga kuma jikoki. Madannin da aka ɗauko daga batir kai tsaye yana aiki ko babu makulli, in motar tana giya yaro ya danna, gaba za ta zabura.

Baba Direba, Mai Wurno: Jikokina sun san bulalata. Amma maganar fiyus na ji.

Mai Boksi, Doka: Ni dai kuɗi ne damuwata. Tun da aka fara yaƙi a 2023 kayan gyara suka yi tsada, abin da a da ake kawowa daga Khartum yanzu sai an jira ta Bur Sudan. Ba zan sayi sitata a kan zato ba. Me zan gwada da hannuna?

Mai Lantarki, Kasala: Ka fara da abin da ba ya cin ko sisi. In ta ƙi tashi, kunna manyan fitilu ka murɗa makulli. In suka dusashe kamar za su mutu, ka duba kan batir da manyan wayoyi, musamman ardi, wato wadda ta haɗa batir da jikin mota da inji. Laka ta damina a ƙasar Gadarif tana cin gindin wayar nan, a ido kamar lafiya, ka kwance ka tarar da tsatsa. In kuma fitilu ba su ko girgiza ba, babbar wuta ba ta shiga sitata ba ke nan. Sannan ka ari mita ta auna wuta. Batir cikakke yana nuna wajen bolt 12.6 in mota na kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da sitata ke juyawa. Sai ka sa mitar a kan lamba 50, wayar tana jone, wani ya murɗa. Da zafin inji za ka auna, ba da safe ba. Gwaji na ƙarshe, giya a firi, an ja birkin hannu, ka haɗa 30 da 50 da guntuwar waya. In ta tashi nan take, laifin yana hanyar makulli.

Usta na Gadarif: A nan na kama ka. Gwajin nan naka ba ya wanke sitata. Cikin otomatik na irin sitatar Denso akwai tagulla biyu da faifan da ke dannuwa a kansu. Duk tashi ɗaya sai wuta ta ɗan ci su, har ɗaya ta zaizaye ta fi ɗaya kwanciya. In ka ba shi wuta kai tsaye daga batir, faifan zai daki tagullar da ƙarfin da ya fi na kullum, ta haɗu, mota ta tashi, ka ce waya ce. Alhali tagulla ta kusa ƙarewa. Ka ga karatun naka ma yana da rami.

Mai Lantarki, Kasala: Wannan kam gaskiya ne, na karɓa. Amma ka lura, Usta, tagulla biyu ka ambata, ba sitata sukutum ba. Ana kwance murfin bayan otomatik a canja su, kuɗinsu bai kai komai ba in aka kwatanta da sabuwa. Da farko cewa ka yi ta mutu.

Usta na Gadarif: Mai ciwon ciki da mai ciwon hanji duk asibiti ɗaya suke zuwa. Sai an sauke ta dai.

Ɗan Jidda: Mu nan salf muke ce wa sitata. Abu ɗaya zan ƙara a kan guduma: wasu sitatocin da ake sayarwa yanzu maganaɗisu ne manne a cikinsu, ba naɗin waya ba. Ka dake su da ƙarfi maganaɗisun ya tsage, ka mayar da ciwon kai ya zama jana'iza.

Mai Boksi, Doka: Jama'a na dawo. Yau da azahar a Gadarif ta sake yi, mita na hannuna. Batir 12.5. Fitilu ba su dusashe ba. A lamba 50 kuwa 8 da 'yan kai na gani. Na haɗa 30 da 50 ta tashi kamar ba ita ba. Soket ɗin da ke bayan makulli na taɓa na ji da ɗumi, robarsa ta yi baƙi a gefe ɗaya.

Mai Lantarki, Kasala: Wajen bolt huɗu sun ɓace a hanya ke nan. Ka gyara soket ɗin da ya ƙone tukuna, don ta makullin nan ne wuta ke zuwa wa bawul ɗin da ke buɗe jaz a famfo, in ya ƙarasa lalacewa mota za ta iya mutu maka kana tafe. Sannan ka sa katawut mai ƙafa huɗu, wato 'yar na'urar da ƙaramar wuta ke sa ta haɗa babba, kusa da batir. Ƙafa 30 daga batir ta cikin fiyus, 87 zuwa lamba 50 ta sitata, 86 ta karɓi tsohuwar wayar makulli, 85 a jikin mota. Makulli ya huta da ɗaukar nauyi, umarni kawai zai riƙa bayarwa.

Baba Direba, Mai Wurno: Wato madannina ne dai aka sa wa babbar riga.

Mai Boksi, Doka: An sa katawut, an canja soket. Kwana uku ke nan, sawu biyar tsakanin Doka da Gadarif, murɗa ɗaya. Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Usta na Gadarif: Madalla. Amma yanzu kaka ce, ɗana. Bari Afrilu ya zo, zafi ya haura 40, mu ji. Tagullar nan da ta daɗe tana haɗuwa rabi da rabi ta sha wuta, ko ba a faɗa ba. In ka gama jigilar riɗi kawo min ita in buɗe a gabanka. In na tarar da ita sumul, shayin ranar a kaina.