Yadda Za a Ji Daɗin Littattafan Tsofaffin Ma'aikatan Jirgin Ruwa

Waɗanda suka san harkar sun fi nanata abu ɗaya: kafin ka fara karantawa, duba shekarun da marubucin ya yi aiki. Kafin kwantena ta bazu, bayan fara amfani da ita a 1956, jirgin dakon kaya yakan shafe mako ɗaya ko biyu a tasha ana sauke buhuna da akwatuna, shi ya sa littattafan wancan zamani suke cike da labarin garuruwa. Na baya-bayan nan sun fi ba da labarin kaɗaici, domin jirgi kan bar tasha cikin kwana guda.

Sai a lura da sashen da ya yi aiki. Ma'aikacin ɗakin inji zai yi maganar zafi, mai da gyara. Jami'in tuƙi kuwa taswira da yanayi. Aikin awa huɗu da hutun awa takwas shi ne ƙashin bayan kwanakinsu, kuma wanda bai gane haka ba zai ɗauka labarin maimaici ne.

Waɗanda suka san harkar sun ce a ajiye taswira kusa. Daga 1967 zuwa 1975 mashigin Suez a rufe yake, dole jiragen Turai masu zuwa Asiya su zagaya ta kudancin Afirka. Idan an ambaci nisa, mil ɗaya na teku kilomita 1.852 ne.

Inda ake yawan kuskure shi ne amincewa da kwanan wata da girman igiyar ruwa, tunda an rubuta su bayan shekaru da dama. Marubucin da ya dogara da littafin da yake rubuta abubuwan da suka faru yau da kullum ya fi inganci nesa ba kusa ba.