Kaka, jika da kwanon sadaka: ku ba mu naku labarin

Jikar Inna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na tarar da mahaifiyata ta zaunar da 'ya'yana biyu suna yanka cincin ɗin da za a kai gidan marayu, sai kakata ta faɗo min a rai, Allah ya jiƙanta. A cikin birnin Kano take, wajen Jakara, sana'arta gurasa. Tun asuba take hura tanderu da kara, ni kuma aikina miƙa mata curin ƙulli, ita ta manna shi a jikin tanderun da hannu, ko a jikinta. Ran Juma'a, ashirin ɗin farko na almajiran bayan gidanmu ne. Wata rana na yi dabara na tsinto waɗanda gefensu ya ƙone na zuba a kwanon sadaka. Ta leƙa ta ce, "Kishiya, Allah za ki ba ƙonanniya, ki sayar wa mutane mai kyau?" Ta sa na juye. Sai da na girma na ji malami yana fassara aya ta 267 a Baƙara, wadda ta hana zaɓar mummuna a bayar. Ita ba ta taɓa ja min aya ba. Wa ya taɓa irin wannan zama da kakarsa?

Uwar Biyu: Allah ya jiƙan Inna. Tawa kek take yi, kuma har ta rasu ba ta mallaki oven ba. Yashi a tukunya, gwangwanayen madara a shafe da mai, garwashi a kan murfi. Mu jikoki mu ne masu buga ƙwai da lashe kwano. Da azumi muke kai wa masu jinya a asibiti kafin a sha ruwa.

Ɗan Yerwa: Ni namiji ne amma ina da abin faɗa. Da dam ɗin Alau da ke kusa da Maiduguri ya ɓalle a Satumbar 2024, ruwa bai kai unguwarmu ba, sai makarantar kusa da mu ta cika da mata da yara. Kakarmu ba ta iya tsayuwa mai tsawo, amma ta ce a fito mata da tanda. Ta jiƙa shinkafar da muke ci a gida, ƙannena mata suka kai niƙa, ni na zama mai faskare da fifita wuta. Da na yi ƙorafin hayaƙi sai ta ce, "Maigida, da wannan ragwancin za ka riƙe ni?" Kwana tara muna waina. Abin da ya tsaya min a rai, ba ta yarda babba ya miƙa ba, ƙaramarmu mai shekara shida take ɗora wa kwanon, ta ce hannu tun yana ƙarami yake koyon buɗewa.

Bazazzagiya: Ku yi haƙuri zan ɗan kawo gyara. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fulawa da man gyaɗa ba abin wasan yara ba ne. Surukata ta bar jikoki su kwaɓa gireba, suka zuba gishiri a madadin sukari, mudu biyu ya tafi. Ba sadakar, ba fulawar. Ni dai a ba su yayyafa riɗi, shi ke nan.

Kakan Yara: 'Yata, wanda bai ɓata ba ai bai koya ba. Ina da jikoki goma sha ɗaya, uwargidana ke soya musu alkaki da Sallah, ni ke raka su rabo gidajen zawarawa da tsofaffi. Damuwata ɗaya ce: babbar jikata, amaryar tawa, sai ta ɗaga waya za ta ɗauki hoton mai karɓa. Na hana. Ta ce hoton ne ke sa ƙawayenta a WhatsApp su turo gudummawa, kuma gaskiyarta, da shi aka sayi sukarin bara. Muka yi sulhu: a ɗauki alkakin, a bar fuskar mutane.

Bazazzagiya: Baba, na karɓi gyara, amma ranar ba ku kuka sayi fulawar ba.

Hajiyar Zango: Daga Kumasi nake gaishe ku. Mu a nan masa da ƙosai ne sadakar Juma'a, yara su yi layi a ƙofar gida. Jikata Turanci da Twi sun fi mata sauƙi, a bakin kasko kaɗai nake samun Hausa a bakinta.

Jikar Inna: Na gode ƙwarai. Uwar Biyu, don Allah yashin nan wankewa ake yi kafin a zuba? Tanderun Inna ya fashe tun da daɗewa, ina so mu gwada naku ran Alhamis.

Uwar Biyu: A tankaɗe, a wanke, ya bushe sarai. Kuma ki bari ya yi zafi kafin ki jera gwangwanayen, in ba haka ba kek ɗin ba zai tashi ba.