Manhajar bashin taki: laifin yaron ne ko namu?

Ma'aji: Salamu alaikum. Ni dai na faɗa zan kuma faɗa, yaron nan da ƙungiya ta ba aikin manhajar rubuta bashin taki bai iya ba. Wata 3 ya ce mana, yau wata 11, damina ta wuce an yi girbi har mun shiga noman rani a fadamar Auyo amma har yanzu a littafi nake rubuta wa ya karɓi buhu nawa. Kuɗin kuma ya kusa ninkawa.

Malamin firamare: Wa alaikumus salam Kawu, a yi min afuwa, ina wurin ranar da aka yi magana da shi a gindin darbejiyar ofis. Abu uku aka ce masa, sunan manomi, buhun da ya karɓa, ranar biya. Bayan sati biyu ciyaman ya kira shi wai a sa hoto, sakatare ya ce a riƙa tura tes, can kuma aka tuna ai a fadama babu sabis dole ta yi aiki ba data. Kowa ta wayarsa yake ba shi umarni, ba wanda ya rubuta komai. Kamar ka ce wa magini ciki da falo ne, ya kai linta ka ce bene kake so, ai sai an koma kan fandisho.

Mai injin casa: To a ƙaro masa mutum biyu mana, hannu da yawa maganin ƙazamar miya

Ɗalibar kwamfuta: Baba, a wannan aikin abin ba haka yake ba wallahi. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin wata babbar manhaja mai suna OS/360 a kamfanin IBM, ya rubuta tun 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa latti yake yi. Sabbin sai an zauna an koya musu inda aka kwana, kuma shi yaron ne zai ajiye aiki ya koyar. Sannan mutum 3 hanyar magana 3 ce tsakaninsu, in sun kai 10 ta zama 45.

Ma'aji: 'Yata wannan ai zancen manyan kamfanoni ne, ƙwararru ba sa irin wannan jan ƙafar

Ɗalibar kwamfuta: Suna yi Kawu. Ingila ta fara haɗa bayanan marasa lafiya a kwamfuta a 2002, a 2011 aka rushe shirin, kuɗin da ya ci ya kai wajen fam biliyan 10. A Amurka ranar da aka buɗe HealthCare.gov, shafin gwamnati na rajistar inshorar lafiya, a Oktoban 2013 mutum 6 kacal suka iya kammala rajista, kamfanoni da yawa ne kowa da ɓangarensa kuma sai dab da buɗewa aka gwada su a haɗe.

Ma'aji: Na ji, muna da namu. Amma shi ma duk abin da aka ce masa sai ya ce ba matsala, ko sau ɗaya bai taɓa cewa wannan zai ƙara wata guda da kuɗi kaza ba, da ya faɗa ni da kaina zan hana maganar hoton nan. Wannan kam ba zan janye ba.

Malamin firamare: A nan ina bayanka Kawu. A kira shi ranar Asabar bayan la'asar, a rubuta abu ukun farko a takarda kowa ya sa hannu, ya nuna mana su suna aiki a wayarka kafin rabon takin rani, kuma kai kaɗai za ka riƙa kiransa.