Fanka na hura wuta, ɗaki ba ya hucewa ko da dare: mene ne abin yi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Gida ne mai rufin kwano, silin ɗinsa siriri, tagar ɗakin kwana kuma tana kallon yamma. Da rana ma'aunin zafi a cikin ɗakin yana kai digiri 41, kuma har ƙarfe 12 na dare ba ya sauka ƙasa da 35, alhali a waje iska ta riga ta yi sanyi. Fanka tana juyawa, amma iskarta kamar daga bakin murhu. A gidan akwai tsohuwa mai shan maganin hawan jini, da jariri ɗan wata huɗu. A rufe tagogi da rana ne ko a buɗe? Fankar nan taimako take yi ko cutarwa? Ruwa nawa ya kamata a sha, kuma za a iya ba jaririn? Babu halin saka na'urar sanyaya ɗaki a yanzu.

Amsa daga wani magini:

Wa alaikumus salam, Malam. Zafin da kake ji da tsakar dare ba daga kwano yake ba. Kwano ba shi da kauri, da rana ta faɗi yake hucewa. Bango da daɓe ne suka wuni suna haɗiyar zafi, sai dare ya yi su riƙa fitar da shi a hankali, musamman bangon yamma da rana ke duka tun daga ƙarfe 2 har faɗuwarta. Ka ɗora tafin hannunka a kansa da ƙarfe 10 na dare, za ka ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Saboda haka aikin iri biyu ne: a tare rana kafin ta taɓa gini, sannan a kori zafin da ya shiga da dare.

Fara da bangon yamma da tagarsa, domin nan ne ƙaramin aiki ke kawo babban sauƙi. A yi inuwar daga waje. Labulen ciki, komai kaurinsa, sai bayan hasken ya ratsa gilashi yake tare shi, zafin ya riga ya shigo ke nan. Kafa rumfa ko ka rataya tabarma, buhu ko yadi mai haske a waje, ka bar tazarar kamu ɗaya zuwa biyu tsakaninsa da bango don iska ta riƙa bi ta bayansa. Idan ka manna shi da bango, shi ma zai ɗau zafi ya miƙa wa ginin.

Sai rufi. Kwano mai duhu ko mai tsatsa yana wuce digiri 65 a tsakar rana. Farin fenti yana mayar da mafi yawan hasken sama. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan mummunan zafin da aka yi a 2010, hukuma ta fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, daga baya ta sa shafa wa rufi fari a cikinsa, kuma ana samun ragin digiri 2 zuwa 5 a cikin ɗaki. Ka wanke kwanon, ka kankare tsatsa da burushin ƙarfe, ka shafa fentin shimfiɗa mai hana tsatsa, sannan farin hawa biyu, na biyu bayan na farko ya bushe sarai. A yi aikin da sassafe. Fentin da aka shafa a kan kwano mai zafi yana bushewa ta sama cikinsa bai kama ba, bayan 'yan watanni ya fara ɓarewa. Mai hawa ya riƙa taka layin ƙusa, inda katako yake a ƙasa. Farar ƙasa ma tana yi, sai dai ruwan sama na wanke ta, kowace shekara sai an sabunta. Ƙura kuma tana dushe farin, a riƙa wanke shi.

Abin da aka fi mantawa shi ne sararin da ke tsakanin kwano da silin. Idan a toshe yake, tanderu ne a saman kanka. A huda kafar iska a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, ɗaya ta fi ɗaya tsayi in zai yiwu, a sa raga saboda tsuntsaye da jemagu. In za ka sa takardar alminiyom mai sheƙi a ƙarƙashin kwano, dole fuskarta mai sheƙin ta kalli fili na aƙalla santimita 2 ko 3. Aka matse ta tsakanin abubuwa biyu, ta tashi aiki.

Tagogi: a rufe da rana, a buɗe duka da dare.

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya:

Malam, ni tsohuwar nan da jaririn ne suka fi tsaya mini a rai, don haka zan tsawaita a kansu.

Jiki yana riƙe kansa a wajen digiri 37. Idan iskar da ke kewaye da mutum ta fi fatarsa zafi, hanya ɗaya ce ta rage masa ta fitar da zafi, wato zufa ta bushe a kan fata. Bushewar ce ke sanyaya jiki. Zufar da ta ɗiga ƙasa ko aka goge da tawul ta tafi a banza. Daga nan za ka gane amsar tambayarka kan fanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan zafi ya haura digiri 40, fanka ƙara wa jiki zafi take yi. Ga tsofaffi abin yana farawa tun kafin nan, domin zufarsu ba ta kai ta matasa ba, fankar sai ta zama tana tura musu iska mai zafi a kan busasshiyar fata. Maganin shi ne a jiƙa fatar. A samo kwalbar fesa ruwa ko tsumma, a jiƙa hannuwa, wuya, fuska da ƙafafu, a maimaita duk lokacin da wurin ya bushe, kamar kowane minti 10 zuwa 15 a tsakar rana. Riga mara nauyi da aka jiƙa aka matse ita ma tana yi. A sa mata ƙafafu a cikin bahon ruwa mai sanyi har ya wuce idon sawu na minti 15 zuwa 20. Da ruwa a jiki, fankar da ke cutarwa ta koma mai amfani.

Kada a jira Baba ta ce tana jin ƙishirwa. Jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru. A ajiye mata ruwa inda hannunta zai kai, a riƙa miƙa mata kofi kusan kowace awa. Babba mai lafiya yana bukatar lita 2 zuwa 3 a wuni irin wannan. Mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da zufa sama da lita ɗaya a awa guda, shi kofi ɗaya ne duk minti 15 zuwa 20, amma kada ya wuce lita ɗaya da rabi a awa, domin ruwa zalla da yawa yana tsinka gishirin jini, ya jawo ciwon kai, ruɗewa har da jijjiga. Ma'auni mafi sauƙi fitsari ne: fari-fari ko rawaya mai haske, lafiya lau, ya yi duhu kuma ɗan kaɗan, ruwa ya yi ƙaranci. Sai dai in likita ya taƙaita mata ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, to shi za a koma wa ya faɗi adadin.

Batun magani yana da muhimmanci. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, wasu suna rage bugun zuciya, ga zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini. In suka haɗu, jini yana iya sauka ƙwarai, ta miƙe tsaye jiri ya kwashe ta. Kada a daina ba ta maganin da ka. A auna jininta safe da yamma, a rubuta, a kai wa likitanta tare da kwalayen magungunan. In za ta tashi daga kwance, ta fara zama na minti ɗaya tukuna. Magungunan kansu a ɗauke su daga bakin taga, yawancinsu ba sa son zafin da ya wuce digiri 30.

Jariri ɗan wata huɗu ba a ba shi ruwa. Cikinsa ƙarami ne, ruwan zai cike gurbin nono, ƙodarsa kuma ba ta yi ƙwarin tace shi ba. Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. A yawaita ba shi mama, uwar ce za ta ƙara shan ruwa. A duba yana jiƙa ƙyalle wajen sau 6 a kwana ɗaya. A bar shi da 'yar riga ɗaya ta auduga, a riƙa shafe shi da ruwa mai ɗan ɗumi-ɗumi, kada a saita fanka kai tsaye a kansa, kada kuma a lulluɓe gadonsa da busasshen zane da sunan inuwa, iska ake tare masa. In maɗigarsa ta lotsa, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki yana ta barci ba ya farkawa da sauƙi, asibiti nan take.

Ga babba, galabaita tana zuwa da zufa sharkaf, kasala, ciwon kai, tashin zuciya, jiri da ɗaurewar tsoka. A kwantar da shi a wuri mafi sanyi, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a jiƙa shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe ba tsororo ba, gishiri rabin cokalin shayi. Minti 30 ba sauƙi, a tafi asibiti. Amma da zarar hankali ya taɓu, ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko bai gane mutane ba, ko ya suma, to bugun zafi ne, zafin jiki ya kai 40 ko ya wuce, ƙwaƙwalwa da ƙoda suna cikin haɗari. Kada a yaudaru da cewa ai yana zufa, wasu ba sa daina zufar. A fara sanyaya shi a wurin yayin da ake neman mota: a kwarara masa ruwan sanyi a duk jiki, a yi ta fifita, a sa ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi, a ci gaba har a cikin mota. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, sai ma ya ƙara wa hanta wahala.

A zafin da aka yi a Faransa cikin watan Agusta 2003, kusan mutum 15,000 ne suka rasu, akasarinsu tsofaffi, da yawa a cikin ɗakunansu, kuma masu kwana a ɗakin da ke ƙarƙashin rufi sun fi shiga haɗari. Dare mai zafi a jere shi ke karya tsoho, saboda zuciya ba ta samun hutu. Ka mayar da shimfiɗarta ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ko da falo ne, katifa a ƙasa.

Amsa daga wani mai aikin lantarki:

Malam magini ya yi bayani mai kyau, amma ina da gyara a kan tagogi. Rufewa da rana tana aiki ne idan ɗakin ya fi waje sanyi. A ɗaki mai kwano da siririn silin, sau da yawa ciki ya fi waje zafi tun azahar, rufe shi kuwa kamar rufe tukunya ne a kan wuta. Tunda kana da ma'auni, ka auna ciki, ka fita ka auna waje a inuwa, ka ba shi minti 10 ya daidaita. Waje ya fi zafi, rufe. Ciki ya fi zafi, buɗe tagogin da ke ɓangaren inuwa.

Da dare fankar sama juya iskar ɗakin kawai take yi, ba ta musanya ta. Ka kai fankar tsaye bakin taga tana kallon waje, ka buɗe wata taga ko ƙofa a ɗaya ɓangaren. Tana tura mai zafin waje, mai sanyin tana shigowa da kanta ta bi ta jikin bango. A bar ta har asuba, lokacin da iska ta fi sanyi. Fanka kuma ba ta sanyaya ɗakin da babu kowa, injinta ma ɗan zafi yake ƙarawa, a kashe. Tsohon ƙwan fitila mai zare kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi yake zama, a canza shi. Firji ya bar ɗakin kwana, duk sanyin da yake yi a ciki zafi yake fitarwa ta baya.

Akwai na'ura mai tankin ruwa da ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen soso. Tana aiki sosai inda iska ta bushe, amma sai da taga a buɗe. Aka rufe ɗaki, danshi ya taru, zufa ta daina bushewa, an koma gidan jiya. A lokacin da iska ke da laima ba ta da amfani. A riƙa zubar da ruwan tankin ana wanke shi.

Janareta kuwa, don Allah a waje, nesa da taga aƙalla mita 6, bututun hayaƙi yana kallon wani gefe. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tagogin da aka buɗe don shan iska ta nan take shiga kan masu barci.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Na auna yau da ƙarfe 3, ciki ya ɗara waje da digiri 2. Saura tambaya ɗaya, Malama: rataya jiƙaƙƙen zane a taga da dare, da kwanciya a kan jiƙaƙƙen zanin gado, babu matsala?

Ma'aikaciyar jinya:

Jiƙaƙƙen zane a tagar da iska ke shigowa yana taimakawa idan iskar busasshiya ce. A matse shi sosai, kuma ya rufe rabin tagar kawai don kada ya tare iskar. Babba yana iya yafa siririn zane mai ɗan danshi a jikinsa, fanka na kaɗawa. Kada a jiƙa katifa, za ta yi fumfuna, danshin da ya daɗe a ƙarƙashin jiki kuma yana kawo ƙurajen zafi da saɓar fata, musamman ga tsohuwar da ba ta yawan juyawa. Jariri kam shimfiɗarsa a bushe, babu wani zane a kansa. Kuma tunda da ƙarfe 3 ɗakin ya fi waje zafi, daga azahar zuwa la'asar a fito da su biyun inuwa mai iska, da bahon ruwa a kusa.