Rubutun Koriya yana zama akwatuna idan an mayar da takarda PDF

Usman Kano:
Assalamu alaikum. Ina amfani da python-docx, manhajar Python mai ƙirƙirar fayilolin Word, wajen shirya takardun kwangila ga wani kamfani da ke sayen kaya daga Koriya ta Kudu, kuma rubutun Turanci ne gauraye da Hangul, wato rubutun Koriya. Na zaɓi salon haruffa na Calibri, komai yana fita daidai a Word a kan Windows, amma da zarar sabarmu ta Ubuntu ta mayar da fayil ɗin PDF ta LibreOffice, sai kalmomin Koriya su koma akwatuna. Ina matsalar take?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Usman. Calibri ba shi da harafin Hangul ko ɗaya. Word ne yake rufa maka asiri, domin yana aro daga salon haruffan Koriya na Malgun Gothic, wanda yake zuwa da Windows tun zamanin Vista, ita kuwa sabar ba ta da inda za ta ara. Ka ɗora mata fonts-noto-cjk, kunshin haruffan Noto na Sin, Japan da Koriya, sannan ka duba da umarnin fc-list :lang=ko ka ga ko ta gane shi.

Injiniya Sani:
Shawarar Malama za ta kawar da akwatunan, amma ni ban yarda a bar na'ura ta yi zaɓi da kanta a takardar kwangila ba. A cikin fayil ɗin docx, rFonts, sashen da ke riƙe sunayen salon haruffa, yana da gurabe huɗu, wato ascii, hAnsi, eastAsia da cs, kuma python-docx biyun farko kawai yake cikawa idan ka ba shi suna. Ka sa Noto Sans CJK KR a gurbin eastAsia da hannunka, ka kuma saita harshen zuwa ko-KR. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, saboda Unicode, tsarin ba haruffa lambobi a kwamfuta, ta haɗa haruffan Hanja na Koriya (waɗanda aka aro daga rubutun Sin) da na Sin da Japan a lamba ɗaya, don haka idan ba a faɗi harshen ba, sunan kamfani yana iya fitowa da siffar Japan, abin da mutumin Seoul zai lura da shi nan take.

Usman Kano:
Na gode, akwatunan sun tafi, sai dai layukan da ke ɗauke da Hangul sun fi sauran tazara.

Malama Hadiza:
Noto CJK yana da tsayin layi fiye da Calibri, saboda haka ka ƙayyade tazarar da ke tsakanin layuka da adadi tsayayye. Kafin ka aika, ka gwada fayil ɗin PDF da umarnin pdffonts domin ka tabbatar haruffan suna cikinsa.