Baba ya ce sai na kawo masa wadda ta taɓa zama a sakan (masaukin ɗalibai) na Jami'ar Nura

Assalamu alaikum yayyena mata, musamman na Riyad. A Makka aka haife ni, da igama muke zaune. Na gama sakandare bana, na rubuta Ƙudurat da Tahsili, jarrabawoyin shiga jami'a a Saudiyya, sakamako ya yi kyau alhamdu lillahi. Burina Jami'ar Gimbiya Nura da ke Riyad, ta mata zalla, ta hanyar minha dakhiliyya, wato gurbin tallafin karatu da ake ba 'ya'yan baƙi mazauna ƙasar.

Ga inda gizo ke saƙa. Baba ya ce kusan kilomita 900 ba wasa ba ne, kuma ba mu da kowa a Riyad. Na nuna masa bidiyon jirgin ƙasan nan marar direba da ke zagaya cikin makarantar, ya kalla, ya ajiye wayar kusa da kofin shayinsa, ya ce, "Jirgi ne zai kai ki asibiti da daddare?" Umma tana bayana, amma a gabansa ba ta cewa uffan.

Don Allah wadda ta shiga ta wannan hanyar, ana ba mu ɗaki a sakan, ko sai waɗanda suka zo daga waje? Mutum nawa ne a ɗaki, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa? In ɗaliba ta kwanta rashin lafiya wa ke kula da ita? Da a samu wadda za ta yi magana da Umma ta waya, da ya fi, don Baba ba ya yarda da abin da na karanto a intanet.